Yadda za ka gane sarauniyar tururuwa da ka kama bayan ruwan sama

Wani matashi daga Ƙofar Marusa a birnin Katsina, wanda ya fara sha'awar kiwon tururuwa a kwalba, ya aiko da tambaya. Ya ce bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka yi a watan Yuni ya kama ƙwari huɗu, yana so a faɗa masa sunan kowanne da kuma wanda ya cancanci a ajiye. Na farko launin ƙasa ne mai dogayen fukafukai huɗu, waɗanda suka zube tun yana cikin kwalba. Na biyu ya kai tsawon gaɓar yatsa da rabi, yana da gashi da dogon ciki, ya yi ta bugun ƙwan lantarki yana faɗowa. Na uku rawaya ce da duhu-duhu a baya, ba ta da fiffike, ya same ta da dare tana gudu a gindin katanga. Ta huɗu baƙa ce mai sheƙi da babban kai, ya ɗauke ta da safe a bakin gona, kuma har yanzu fukafukanta suna nan.

Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan, musamman da ka haɗa kowane ƙwaro da lokacin da ka kama shi da wurin da ka same shi, domin wannan kaɗai rabin aiki ne. Sai dai ka fara da neman suna, alhali suna shi ne abu na ƙarshe da ake samu, wani lokaci ma sai bayan watanni. Nau'in tururuwa da masana suka rubuta a duniya ya haura 13,000, kuma kusan duk hanyoyin tantance su an gina su ne a kan jikin ma'aikata, wato marasa fiffiken nan masu aikin gida, ba a kan jikin sarauniya, uwar gidan mai yin ƙwai, ba. Abin da ya kamata ka sani a daren da ka kama ta shi ne ko tururuwa ce, ko mace ce mai iya kafa gida, ko ta sadu da namiji, sannan ko tana cikin masu buƙatar abinci tun yanzu. Jikinta zai amsa maka yawancin waɗannan idan ka iya duba shi, kuma rayuwarta ta dogara da amsoshin fiye da yadda ta dogara da suna.

Na farkon da ka kama shinge ne, wato gara mai fiffike, kuma gara ba dangin tururuwa ba ce ko kaɗan, ta fi kusa da kyankyaso. Fukafukanta huɗu tsawonsu ɗaya ne kuma sun zarce jiki sosai, ba ta da siririn ƙugu, ƙahonninta kuma a miƙe suke kamar an jera ƙananan duwatsun ado. Tururuwa kuwa fukafukan gabanta sun fi na baya girma, ƙugunta a tsuke yake, ƙahonninta suna da lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Ka sake shi, domin gara sai mace da namiji sun zauna tare suke kafa gida, kuma kiwonta wani fanni ne dabam.

Na biyu shi ne wanda ya fi yaudarar masu farawa, saboda girmansa yana sa mutum ya ɗauka ya dace da babbar sarauniya. Namijin kwarkwasa ne, daga jinsin da masana ke kira Dorylus. Kamanninsa sun yi nisa da na sauran 'yan gidansu har masani Linnaeus, da ya fara rubuta ɗaya daga cikinsu a 1764, ya sanya shi cikin dangin rina. Sarauniyar kwarkwasa ba ta yin fiffike a duk rayuwarta, ba ta zuwa wurin fitila, kuma sabon gida yana samuwa ne idan tsohon ya rabu biyu, kowane ɓangare na ma'aikata da tasa uwar. Saboda haka babu yadda za a yi ka fara gidan kwarkwasa daga ƙwaro ɗaya. Namijin nan ba ya yin ƙwai, kuma kwanakinsa a duniya kaɗan ne ko ka riƙe shi ko ka sake shi.

Tun da mun zo kan maza, bari in tsaya a nan kaɗan. A yawancin nau'o'i namiji ƙarami ne siriri, kansa ɗan mitsitsi ne, idanunsa sun cika kan, muƙamuƙinsa ba shi da ƙarfi, kuma ba ya karya fukafukansa. Idan ka duba ƙarshen cikinsa da gilashin ƙara girma za ka ga wasu 'yan ƙugiyoyi na saduwa. Karin maganar nan da ke cewa in tururuwa ta so lalacewa sai ta yi fiffike, wanda ya fara faɗinta ya lura da gaskiya, domin duk mazan da suka tashi a daren mutuwa suke yi, matan ma mafi yawansu tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi ke cinyewa. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne iyayen yawancin gidajen tururuwa da kake gani.

Alamar da ba ta ƙarya wajen gane sarauniya tana ƙirji, wato sashen tsakiya inda ƙafafu shida suka fito. Kada ka dogara da girman jiki ko girman kai, domin manyan ma'aikata, waɗanda mutane ke kira sojoji, sukan yi kai ya fi na uwarsu, amma ƙirjinsu siriri ne a matse. Ƙirjin sarauniya a cike yake, ya yi tozo, faɗinsa ya yi kusa da faɗin kanta ko ya wuce, kuma samansa a rarrabe yake gida-gida kamar an yi masa ɗinki, saboda a ciki ne naman da ke kaɗa fukafukai yake. A gefen ƙirjin, sama da ƙafafun tsakiya, za ka ga ɗan tabo mai duhu a kowane ɓangare inda fiffike ya karye. A tsakar kanta kuma, tsakanin manyan idanu biyu, akwai wasu ƙananan idanu uku masu ƙyalli a jere kamar duwatsun murhu. Idan ka ga tozon ƙirji da tabon fiffike tare, to sarauniya ce ko da ba ta wuce ƙwayar gero biyu ba.

Akwai wata da nake so ka kiyaye, wadda takan yi yawo ita kaɗai a kan yashi da rana, jikinta lulluɓe da gashi mai laushi, da ja a ƙirji da ɗigon fari a ciki. Ta yi kama da sarauniya marar fiffike, amma macen wani dangin zanzaro ce, kuma harbinta yana da zafi ƙwarai. Kada ka ɗauke ta da hannu.

Ta ukun da ka kama, bisa kwatancenka, sarauniya ce, kuma rashin fiffikenta alama ce mai kyau. Na taɓa durƙusawa a gindin katangar gidanmu bayan isha'i da tocila a hannu, ina kallon irinta tana wannan aiki: ta tsaya cik, ta karkata jiki, ta ɗaga ƙafa ta danne fiffike ɗaya har ya ɓalle daga tushe, ta juya ta yi wa ɗayan ɓangaren haka, sannan ta bar fukafukan huɗu a kan jiƙaƙƙen yashi ta kama sauri tana shinshina kowace kafa. Ba ta kai minti biyu ba. Macen da ta yi haka galibi ta riga ta sadu da namiji a sama, ta adana maniyyinsa a wata 'yar jaka a cikinta, kuma da wannan ajiya za ta yi ta haihuwa har ƙarshen rayuwarta ba tare da sake saduwa ba. Rayuwar kuwa tana iya tsawo, domin an taɓa riƙe sarauniyar wata baƙar tururuwa ta Turai, Lasius niger, kusan shekara 29 a hannun mai bincike. Ka san nauyin abin da kake ɗauka tun yanzu.

Don sanin danginta, sai ka duba ƙugu, wato siririn wurin da ya haɗa ƙirji da ciki. A nan akwai ƙulli, ko dai ɗaya ko biyu, kuma wannan ƙidaya ita ce mabuɗin farko da kowane masani ke amfani da shi. Ka kwantar da kwalbar a kan farar takarda, ka duba ta gefe da gilashi mai ƙara girma sau 10, ko ka ɗora gilashin a bakin kyamarar wayarka. A sarauniya mai cikakken ciki ƙullin yakan ɓuya, don haka ka jira ta miƙe tana tafiya.

Idan ƙulli ɗaya ne a tsaye, siriri kamar ɓawon kifi, cikin kuma santsi ne babu tsukewa a tsakiyarsa, ba ta da ƙari, kuma idan ta firgita kana jin ɗan wari mai tsami a bakin kwalbar, to tana cikin dangin Formicinae masu fesa ruwan tsami maimakon harbi. Rawaya mai duhun baya, mai kusan santimita 1 da rabi, mai fitowa da dare, a ƙasarmu ta fi kama da Camponotus, daga rukunin Camponotus maculatus, waɗannan dogayen rawayen da kake gani suna zagaye kwanon shayi ko ragowar rake bayan magariba. Na ce rukuni da gangan, domin akwai nau'o'i masu kama da juna a ƙarƙashin wannan suna, kuma launi yana bambanta ko a cikin nau'i ɗaya. Duk wanda ya kalli hoto ɗaya na sarauniya ya yanke maka cikakken suna saboda launi, ya yi gaggawa. Muna da wata 'yar'uwarta, Camponotus sericeus, baƙa mai gashin zinariya a ciki, wadda ma'aikatanta ke yawo da rana tsaka a fili.

Ta huɗun kuwa, ina kyautata zaton za ka ga ƙulli biyu a ƙugunta, wanda ke nuna dangin Myrmicinae. Baƙa mai sheƙi da faffaɗan kai da kaurin muƙamuƙi, a bakin gona, wannan siffar Messor ce, ainihin tururuwar da Bahaushe ya sani, mai share fili a bakin raminta, mai jan layi tana kwasar gero da irin ƙarangiya da na burburwa, wadda tsofaffi ke ba da labarin an tona rumbunta a shekarun yunwa. Nau'in da ya fi yawa a yankinmu na Sahel shi ne Messor galla. Ka duba ƙarƙashin kanta ta gefe: za ka ga jerin dogayen gashi masu lanƙwasa kamar gemu, waɗanda suke taimaka musu ɗaukar yashi idan suna haƙa. Idan da ƙarama ce, ƙasa da santimita 1, mai ƙulli biyu, kuma gaɓoɓi uku na ƙarshen ƙahonta sun fi sauran kauri, sai in ce maka Pheidole. Idan cikinta ya yi tsini a baya kuma ƙugun ya manne a saman cikin maimakon gabansa, sai in ce Crematogaster, waɗanda ma'aikatansu ke ɗaga ciki sama a jikin bagaruwa da gawo idan an taɓa su.

Batun fukafukanta shi ne abin da ba zan iya yanke maka hukunci a kai daga nan ba, kuma kai ma ba za ka iya ba sai da jira. Wasu matan sukan sadu da namiji amma su yi kwanaki ba su karya fiffike ba, wasu ma har su yi ƙwai da shi. Abin da zai taimaka shi ne ka tuna daidai inda ka ɗauke ta. Idan a bakin rami ka same ta, cikin cincirindon ma'aikata da wasu masu fiffike, to ba ta tashi ba tukuna, budurwa ce, kuma mafi alheri ka mayar da ita inda ka ɗauko ta. Idan ita kaɗai ce tana tafiya nesa da kowane rami, akwai fata. Yin ƙwai kaɗai ba hujja ba ne, domin a tsarin halittar tururuwa ƙwan da maniyyi bai taɓa ba yana iya ƙyanƙyashewa, amma namiji kawai yake bayarwa. Hujja ita ce ranar da ma'aikaciya ta farko ta fito.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce dangi ya fi suna muhimmanci. Sarauniyar Camponotus da ta Messor da ta Pheidole, idan sun sami rami, toshe kansu suke yi a ciki, ba sa fita neman abinci har sai 'ya'yansu na farko sun girma. Naman fukafukan nan da ya cika ƙirji, tun da ba za a sake tashi ba, narkewa yake yi a hankali ya zama abinci, ya haɗu da kitsen da ta tara a gidan uwarta, da shi take rayuwa kuma da shi take ciyar da tsutsotsinta baki da baki. Wani masani ɗan Faransa, Charles Janet, ya bayyana wannan narkewa tun 1907. Saboda haka idan ka ga ƙirji mai tozo sosai da ciki cike, kana kallon mace mai guzurinta ne, kuma zuba mata abinci ba taimako ba ne. A shekarata ta farko na rasa sarauniya biyu ta wannan hanya: na saka musu zuma da guntun fara saboda tausayi, cikin kwana huɗu fumfuna ta rufe audugar, ɗaya kuma ta manne a zumar. Har yau ina jin zafin abin, domin da na bar su kawai da sun rayu.

Akwai kuma waɗanda ba haka suke ba. Dangin Ponerinae suna da ƙulli ɗaya mai kauri, da ɗan tsukewa tsakanin gaɓar farko da ta biyu ta ciki kamar an ɗaura zare, da ƙari mai harbi. A yawancinsu sarauniya ba ta fi ma'aikata girma da yawa ba, ƙirjinta ba shi da tozo sosai, guzurinta kaɗan ne, don haka sai ta riƙa fita farauta tana ciyar da tsutsotsi. Irin wannan idan ka rufe ta babu abinci, za ta cinye ƙwanta ko ta mutu, sai ka haɗa kwalbarta da ɗan fili ka riƙa ajiye mata gara ko ƙaramin ƙwaro duk bayan kwana biyu ko uku. Ɗaya daga cikin baƙaƙen da muke kira cinnaka, Brachyponera sennaarensis, 'yar wannan dangi ce, an samo sunanta daga garin Sennar na Sudan. Ba na ba mai farawa shawarar kiwonta a ɗakin kwana, musamman inda akwai yara, domin likitoci a Saudiyya sun rubuta yadda harbinta ya jawo wa wasu mutane kumburi da sarƙewar numfashi.

Ga ta uku da ta huɗu, masauki ɗaya ne ya dace da su, amma kowace da nata, kada ka haɗa su. Ka samo kwalbar gwaji irin ta ɗakin kimiyya, in babu kuma babban sirinji sabo marar allura daga kyamis ya wadatar idan ka toshe bakinsa. Ka zuba ruwa mai tsabta kashi ɗaya cikin uku, ka tura dunƙulen auduga har ya taɓa ruwan ya jiƙe ba tare da ruwa ya tsallako ba, ka saka ta, ka rufe da busasshiyar auduga. Ka naɗe da takarda ka ajiye a kwance a wuri mai duhu. Zafinmu shi ne babban abokin gaba, domin ɗakin kwano marar silin yana iya dafa ta ko a cikin damina, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Katsina ke haura digiri 40. Ni ina ajiye nawa a ƙasa, cikin kwali, kusa da randa. Ka tabbata kuma kiyashi ba zai kai gare ta ba, don yana shiga ta gefen auduga ya kashe ta. Sannan ka daure ka riƙa dubawa sau ɗaya kawai a mako, domin yawan haske da girgiza suna sa ta cinye ƙwanta.

Jiran nan ma wani ɓangare ne na tantancewa. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya, a zafin daminarmu, yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas gwargwadon nau'i. Idan tsutsa ta girma ta saƙa wa kanta ƙunshi mai launin ƙasa-ƙasa kamar ƙwayar shinkafa, wannan ya ƙara tabbatar da Camponotus. Idan kuma ta zama farar tururuwa a naɗe tsirara, kana ganin ƙafafunta da kanta babu ƙunshi, to dangin masu ƙulli biyu ce, kamar yadda nake zato ga ta huɗu. Ma'aikatan farko ƙanana ne ƙwarai saboda da guzurin uwa kaɗai aka raine su, kada girmansu ya ruɗe ka. Daga ranar da suka fara yawo sai ka soma ciyarwa: ɗigon ruwan sukari da guntun ƙwaro ga Camponotus, ƙananan iri busassu irin su gero da aka ɗan farfasa ga Messor, a ajiye nesa da jiƙaƙƙiyar auduga don kada su tsiro.

Cikakken suna sai gida ya yi ƙarfi, manyan ma'aikata sun fito. A lokacin ba sai ka kashe ko ɗaya ba, kuma ka san hadisin Ibn Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito wanda ya hana kashe tururuwa. Su da kansu suna fitar da gawar wadda ta mutu su ajiye a gefe guda, sai ka ɗauka da tsinke ka saka a 'yar kwalba da sifirit. Ka ɗauki hoto uku, ta gefe da ta sama da ta fuska, da rula a kusa, ka gwada da hotunan AntWeb, shafin intanet mai tara hotunan tururuwa, ko ka ɗora a shafin iNaturalist inda masu ilimin abin ke dubawa. Idan kana da wanda ka sani a sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka roƙi a ba ka dama ka duba ta a madubin likita, a nan ne za ka iya ƙirga gaɓoɓin ƙaho, waɗanda a Camponotus da Messor guda 12 ne ga mace.

Tun yau ka manna 'yar takarda a jikin kowace kwalba, ka rubuta kwanan wata da sa'a da unguwa, da ko an yi ruwa a ranar ko jiya, da ko tana da fiffike lokacin da ka ɗauke ta. Ita ta huɗun, ka ba ta wata biyu cur. Idan ta karya fukafukanta a cikin kwalba ta tara ƙwai wuri ɗaya tana lasar su tana kwana a kansu, alama ce mai daɗi. Idan kuma ta yi ta jan audugar bakin kwalba tana neman fita, ƙwan a warwatse ba ta kula da su, to da wuya ta sadu da namiji, sai ka kai ta bakin gonar da ka ɗauko ta da yamma ka sake ta, ka wanke kwalbar ka jira ruwa na gaba, domin tashin masu fiffike yana ci gaba har cikin Agusta.